Ƙurajen Fuska Bayan an Girma: Amsoshin Tambayoyinku

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kuka ɗaya suke yi: mutum ya haura shekara 25, wani ma ya haura 40, amma ƙurajen fuska sun ƙi barinsa. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Sunayen magunguna mun bar su yadda suke a jikin kwali, domin mai karatu ya ɗauko abin da ke gaban madubinsa ya duba da idonsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 33, 'ya'yana uku. Tun ina sakandare nake fama da ƙuraje. Aka ce in na yi aure za su tafi, aka koma cewa sai na haihu. Yanzu a haɓa da muƙamuƙi suke fito min, masu tauri da zafi, musamman in al'ada ta kusa. Sau huɗu ko biyar nake wanke fuska da sabulu a rana. Me ya rage ban yi ba? Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, fara da rage sabulun nan, domin ba dauɗa ce ta kawo miki ƙuraje ba. Kowace ƙofar gashi a fuska tana da 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Idan maiƙon ya yi yawa, matattun ƙwayoyin fata suka manne suka toshe bakin ƙofar, sai wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa, ta samu wurin hayayyafa a ciki. Jiki ya kai mata yaƙi, wurin ya kumbura, wani ya tara mugunya. Duk wannan a ƙarƙashin fata ake yinsa, inda kumfar sabulu ba ta kaiwa. Abin da yawan wanki yake yi kawai shi ne ya busar da saman fata ya tsattsage ta, ta yadda in an zo shafa magani na gaskiya sai raɗaɗi ya hana.

Mai ba wa jakar maiƙo umarni shi ne wani homon, wato sinadarin da jiki ke kerawa ya aika ta jini, mai suna androjin. Ana kiransa na maza, amma mata ma suna da nasu kaɗan. Mata da yawa masu irin ƙurajenki, in an auna jininsu za a ga adadinsa daidai yake, fatarsu ce take saurin amsa kiransa. Shi ya sa suke zaɓar haɓa da muƙamuƙi da saman wuya, suke kuma tashi kamar mako guda kafin al'ada. Aure ba ya taɓa wannan, haihuwa ma haka.

Ga yadda za ki yi. Wanki sau biyu, safe da dare, da sabulun fuska mai laushi marar ƙamshi, da tafin hannu, ba soso ba tsumma. Alwala ba ta cikin wannan lissafin, ruwa ne zalla, ba ta cutar da komai. Da dare bayan sallar Isha'i, ki wanke fuska, ki bar ta ta bushe sarai kamar minti 15, sannan ki matso adapalene mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari daidai girman ƙwayar wake guda. Wannan ɗan ya ishi fuskar duka. Ki ɗiga a goshi, kumatu biyu da haɓa, ki baje shi siriri, ki kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da leɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora shi a kan ƙurjin da ya fito kaɗai. Aikinsa hana ƙofofi toshewa ne, ƙurjin da kike gani yau kuwa tun makonni da suka wuce ya fara ƙulluwa, don haka duk yankin da suke fitowa ake shafawa, har inda yake sumul.

Makonni biyu na farko, dare ɗaya ki shafa, biyu ki huta. Na uku da na huɗu, ki riƙa tsallake dare ɗaya. Daga nan in fata ta karɓa, kowane dare. Bayan shi ki bi da man shafawa marar nauyi wanda aka rubuta ba ya toshe ƙofofin fata. Lokacin hunturu ki shafa man kafin maganin da kuma bayansa, saboda iskar ta riga ta busar da fatar.

In kin yi mako biyu a kan wannan, sai ki ƙara benzoyl peroxide da safe, mai kashi 2.5 ko 5. Kada ki nemi mai kashi 10 da tunanin ya fi: raɗaɗi ya fi, aiki kusan ɗaya ne. Shi ke kashe bakteriyar, kuma ba ta saba masa yadda take saba wa antibayotik. Wanda kika shafa da safe ya gama aikinsa kafin alwalar Azahar. Sai dai yana cinye launin tufa kamar bilic, saboda haka ki wanke hannu, ki bari ya bushe kafin ki sa hijabi mai launi, ki kuma ware farin tawul.

Yanzu ga inda mutane suke faɗuwa. A watan farko fuska za ta ɗan yi saɓa, ƙurajen ma suna iya ƙaruwa. Ba a yanke wa wannan magani hukunci sai ya cika mako 12. Ki ɗauki hoton fuskarki ranar farko a bakin taga, ki sake ɗauka kowane mako huɗu a wuri guda, domin madubin da ake kallo kullum ba ya nuna sauyi. In mako 12 ya cika masu taurin nan suna nan, ki je wurin likitan fata ku yi maganar spironolactone, wanda muka yi bayaninsa a ƙasa. Sharaɗi ɗaya: in kina da ciki ko kina nema, adapalene ba naki ba ne.

TAMBAYA: Kafin bikina wata mai gyaran jiki ta haɗa min mai a roba, babu suna a jikinsa. Cikin mako biyu fuskata ta yi haske ta yi luwai. Yau wata takwas ke nan. Yanzu ƙananan ƙuraje sun cika min kumatu da goshi har ƙirji, in na daina shafawa kwana uku sai fuskar ta yi ja, ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, dole in koma. Amarya daga Kano.

AMSA: Amarya, abin da kika siffanta shi ne hoton man da aka zuba wa sitiroyid. Babu wani mai na halak da ke haskaka fuska cikin mako biyu, kuma babu wanda fata ke yi wa bore in an bar shi kwana uku sai wannan. Muna ɗaukar wasiƙarki da muhimmanci, domin a ƙasarmu duk babbar macen da ta zo da ƙuraje, tambayar farko da ya kamata a yi mata ita ce me take shafawa.

Sitiroyid magani ne na gaske, ana ba da shi ga wasu cututtukan fata na 'yan kwanaki. Masu haɗin mai suna samo shi daga bututun kemis masu ɗauke da clobetasol ko betamethasone, har da irin masu haɗi uku ɗin nan da ake saye don ƙaiƙayi, su matse cikin man shafawa. Yana tsuke jijiyoyin jini ya danne kumburi ya rage launin fata, shi ne hasken da kika gani. In an daɗe, fata ta yi siriri har a hango jajayen jijiyoyi, nankarwa ta fito, gashi ya tsiro a kumatu, garkuwar wurin ta faɗi har kyasbi da sauran cututtuka su samu ƙofa. Ƙurajensa suna da shaida: duk girmansu ɗaya, kamar an watsa gero, sun fito lokaci guda, kuma da wuya ki ga masu baƙin kai a cikinsu. Girman matsalar ne ya sa a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Fita daga wannan akwai wuya, gara mu faɗa miki gaskiya. Wadda ta shafa na mako biyu ko uku tana iya yankewa kai tsaye. Ke mai wata takwas, ki ɗauki robar ki kai wa likita. Abin da aka saba yi shi ne a sauke ki zuwa mai rauni kamar hydrocortisone kashi 1, a riƙa rage kwanakin shafawa cikin 'yan makonni har a daina, ko a musanya da tacrolimus wanda ba sitiroyid ba ne, sau da yawa a haɗa da doxycycline na sha. Duk da haka fuskar za ta yi ja, ta yi saɓa, ta yi duhu fiye da da. Wannan lokacin yana ɗaukar makonni, wani har watanni, kuma a nan ne mafi yawa suke komawa ruwa. Ki riƙa ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi minti 10, ki shafa mai marar ƙamshi, ki guji rana, ki ajiye dilka da kurkum da duk abin gurzawa. Kada ki fara adapalene sai zafin ya kwanta.

In duk jiki kike shafawa, abin ya wuce fata. Sitiroyid yana ratsawa cikin jini, yana iya ɗaga hawan jini da sukari, ya kuma sa jiki ya rage kera nasa homon ɗin kotisol. Mai irin wannan hali in ta yanke rana ɗaya tana iya faɗawa cikin kasala mai tsanani, jiri da amai. Haka hukuncin yake ga masu shan ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, wadda sau da yawa dexamethasone ce: kumatu su cika, ƙuraje su feso a ƙirji da baya. Ita ma a hannun likita ake sauka daga kanta.

Ga amaren da ke tafe: mai son fuska mai kyau ranar biki, wata huɗu kafin ranar ake fara maganin ƙuraje. Kuma wadda ke kan adapalene kada a ja mata halawa a fuska, fatar tana iya biyo ta.

TAMBAYA: Shekarata 27. Al'adata takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, gashi mai kauri yana fito min a haɓa, na yi ƙiba, wuyana ya yi baƙi ko na cuɗa ba ya fita. Ga ƙuraje. Shin duk abu ɗaya ne? Wata baiwar Allah daga Maraɗi.

AMSA: Da alama abu ɗaya ne, kuma kin kyauta da kika haɗa su a wasiƙa guda. Ana kiran matsalar PCOS, wato rikicewar homon mai shafar jakar ƙwai, tana samun kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa. Tun taron ƙwararru da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holland a 2003 likitoci suke tabbatar da ita in an samu biyu cikin abu uku: al'ada ba ta zuwa a kan tsari, wato tazararta ta wuce kwana 35 ko ba ta kai sau takwas a shekara ba, alamar yawan androjin, a jiki ko a gwajin jini, sai hoton sikanin da ya nuna ƙananan ƙulluttuka da yawa a jakar ƙwai. Sikanin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Mata da yawa an tsorata su da takardar sikanin alhali lafiyarsu ƙalau.

Baƙin wuyan nan mai laushi ba dauɗa ba ce, ki daina gurza shi. Alama ce ta cewa jiki ba ya jin insulin, homon ɗin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata, sai ya ƙara fitar da shi, yawan insulin kuma ya zuga jakar ƙwai ta ƙara androjin. Zaren da ya ɗaure ƙiba da gashi da ƙuraje ke nan.

Ki je wurin likitan mata. Za a fara da gwajin ciki, sannan a auna testosterone, prolactin, aikin maƙoƙo wato TSH, 17-hydroxyprogesterone da sukarin jini, domin akwai cututtukan da ke kwaikwayon PCOS. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ki faɗa, tana ɓoye sakamakon. Wadda kuma gashi ya feso mata cikin 'yan watanni, muryarta ta yi kauri, kada ta jira, wannan yana bukatar bincike cikin gaggawa.

Magani ya danganta da ko kina neman haihuwa yanzu. In ba kya nema, ƙwayar tazara mai haɗin homon biyu tana daidaita al'ada ta rage ƙuraje cikin wata uku zuwa shida, amma ba a ba mai hawan jini, mai tarihin daskarewar jini, mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai shan taba da ta kai 35. Sai spironolactone, tsohon maganin hawan jini da ke tare androjin a bakin jakar maiƙo. Ana farawa da miligiram 50 a rana, a kai 100. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mata 410, aka wallafa a 2023, ya nuna yana aiki, kuma amfaninsa ya fi bayyana a wata na shida. Yana sa yawan fitsari, ɗan jiri, ciwon nono ko rikicewar al'ada. Mai ciwon ƙoda ba ta sha sai da awon potassium, mai ciki ba ta sha sam, maza ma ba a ba su don ƙuraje saboda yana kumbura musu nono. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo huɗu zuwa takwas ga mai kilo 80, yakan dawo da al'ada ga mata da dama.

Tunda mun zo nan: allurar tazara ta wata uku da 'yar robar damtse da ake kira ashana, kowannensu homon guda ɗaya tak yake ɗauke da shi, kuma suna tayar wa wasu mata da ƙuraje. Wadda nata suka fara bayan ta sa, ta koma inda aka sa mata a duba ko akwai wata hanyar da ta fi dacewa da ita.

TAMBAYA: Ni ɗan acaɓa ne, shekarata 30. Ƙananan ƙuraje ne a goshina da ƙirji da baya, suna ƙaiƙayi sosai in na yi gumi. Wata biyar ina shan kafso daga kemis, sai ƙaruwa suke. Daga Bauchi.

AMSA: Malam, ƙaiƙayin nan shi ya tona asirin. Ƙurajen fuska na ainihi zafi suke yi, ba su cika ƙaiƙayi ba. Naka sun fi kama da na Malassezia, wani nau'in yis da ke rayuwa a fata, shi ne kuma mai kawo kyasbi da amosanin kai. Yana son zafi da gumi da maiƙo. Kafson da kake sha, in antibayotik ne, yana kashe bakteriyar da ke gogayya da shi, sai fili ya zama nasa.

Ka daina kafson. Ka sayi sabulun wanke kai na ruwa mai ketoconazole kashi 2, ka shafa kumfarsa a goshi da ƙirji da baya, ka bar ta minti 5 zuwa 10 kafin ka ɗauraye, kullum har mako biyu, sannan sau ɗaya ko biyu a mako lokacin bazara. In ka dawo aiki ka cire rigar da ta jiƙe nan take, ka riƙa wanke hular kwano ta ciki ko ka sa ƙyallen auduga a ƙarƙashinta. In mako huɗu ya wuce ba sauyi, likita zai kankare kaɗan ya duba, ya ba ka na sha.

Mu yi amfani da wasiƙarka mu faɗi ƙa'idar antibayotik, domin ana ɓarna da shi ƙwarai. In ƙuraje ne na gaske masu kumburi da yawa, ana ba da doxycycline miligiram 50 zuwa 100 a rana na kimanin wata uku, kuma tare da benzoyl peroxide ko adapalene ake ba da shi, don in an tsaya akwai abin da zai riƙe fatar. Shansa shi kaɗai wata da watanni koya wa ƙwayoyin cuta jure magani ne. Ana haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan minti 30 aƙalla, domin in ya maƙale a maƙogwaro yana ƙona shi. Mai azumi ya sha da buɗa-baki, ya fi a sha da sahur a koma barci. A raba shi da maganin ƙarin jini da maganin gyambon ciki irin na alli da awa biyu zuwa uku, kuma yana sa rana ta fi cin fata.

Masu ƙuraje a goshi da gefen kunne kawai, su ma su binciki man gashinsu. Mai kauri irin na kwakwa ko man kitso yana gangarowa da gumi ya toshe layin gashi. Masu niƙabi kuma su zaɓi yadi mai shan iska, su canza shi kullum.

TAMBAYA: Gaskiya ne gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna kawo ƙuraje? Ɗalibi daga Katsina.

AMSA: Babu bincike mai ƙarfi da ya kama gyaɗa da wannan laifi, kuma man da aka ci ba ya bi ta jini ya fito a fuska. Abin da hujja ta fi nunawa shi ne abincin da ke ɗaga sukari da sauri: lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na sukari, farin burodi, alewa, cincin. A 2007 an gwada samari 43 a Ostireliya na mako 12, waɗanda aka rage wa irin wannan abinci ƙurajensu sun fi raguwa. Madarar shanu ma tana da hannu ga wasu, haka garin furotin na masu ɗaga ƙarfe. In kana zargin wani abinci, bar shi shi kaɗai na mako takwas ka gani. Sauya abinci yana taimaka wa magani, ba ya maye gurbinsa.

TAMBAYA: Ƙurajen ba su dame ni kamar baƙin tabon da suke bari ba. An ce in shafa lemon tsami da man goge baki. Malamar makaranta daga Gusau.

AMSA: Malama, kada ki yi. Ruwan lemon tsami in ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar tabon da ya fi na farko, man goge baki da tafarnuwa ma ƙuna suke yi. Baƙar fata duk inda ta ji rauni ƙarin launi take tarawa a wurin, shi ya sa matsa ƙurji da farce ke mayar da tabon wata biyu ya zama na shekara.

Ki shafa yatsa a wurin. In sumul yake, launi ne kawai, zai tafi, ko da yake yana ɗaukar wata uku zuwa shekara, mai zurfi ya fi haka. Matakin farko tsayar da sababbin ƙuraje, in ba haka ba kina shara ne iska na mayarwa. Adapalene da kansa yana rage tabo. Azelaic acid mai kashi 15 ko 20, safe da dare, yana maganin ƙurajen da tabon a tare, kuma ba ya ɗashe fatar da ke kewaye. Sai man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama, kowace safiya, a sake bayan alwalar Azahar in za a fita. Mun san da yawa suna ganin baƙar fata ba ta bukatarsa, amma a maganar tabo shi ne rabin aikin, kuma mai ɗan launi irin na hodar kwalliya ya fi, don yana tare har hasken da ido ke gani. Hydroquinone kashi 4 yana aiki, amma da takardar likita, a kan tabon kaɗai, na kimanin wata uku. Masu shafa shi shekara da shekaru ne ke samun baƙi-baƙin kumatu mai kama da toka wanda kusan ba ya fita.

In kuwa kin ji rami ko tudu, mai ba zai gyara ba. Rami sai aikin likitan fata da na'ura, bayan ƙuraje sun kwanta. Tudu mai tauri da ke girma, allurar triamcinolone ake yi masa a cikinsa duk bayan mako huɗu zuwa shida.

TAMBAYA: Cikina wata uku, ƙuraje sun taso min. Me zan shafa? Daga Kumasi.

AMSA: Allah ya raba lafiya. Azelaic acid shi ne zaɓin farko, benzoyl peroxide a ɗan wuri ma babu laifi, haka clindamycin na shafawa in an haɗa shi da benzoyl peroxide. Ki nisanci adapalene, tretinoin, doxycycline, spironolactone da hydroquinone, isotretinoin kuwa ko kusa. In kin riga kin shafa ko kin sha ɗaya daga cikinsu kafin ki san da cikin, ki daina, ki faɗa a wurin awo.

TAMBAYA: Duk lokacin da na yi aski sai ƙuraje su fito min a gemu da ƙeya. Ma'aikaci daga Kaduna.

AMSA: Waɗannan ba ƙurajen maiƙo ba ne. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in an yanke shi ƙasa-ƙasa sai tsininsa ya lanƙwaso ya soki fata. Ka huta da aski na mako huɗu, daga nan ka koma kilifa ka bar tsawon milimita ɗaya, ka bi inda gashi ya kwanta, kada a ja fata, kada a bi da reza. Na ƙeya sun fi hatsari, domin suna haɗewa su zama tudu mai tauri da gashi ba ya sake fitowa a kai. Ka hana wanzami kankare wurin, ka guji kwala ko hula mai gugarsa, ka kai wa likita tun suna ƙanana.

TAMBAYA: Shekarata 29. Manyan ƙuraje kamar maruru a fuska da baya, suna fashewa su bar rami. Na sha antibayotik sau uku. Wani abokina ya ce in sayi isotretinoin. Daga Sakkwato.

AMSA: Abokinka ya faɗi sunan maganin daidai, amma ba a sayensa a sha kamar na ciwon kai. Irin ƙurajenka ne ainihin waɗanda aka yi shi dominsu tun da aka amince da shi a Amurka a 1982, kuma kowane wata da ka ƙara jira sabon rami ne da ba zai cike ba. Ka nemi sashen fata na asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa da kai. Ka tafi da jerin duk abin da kake sha, domin allurar testosterone ta masu gina jiki, isoniazid na tarin fuka, phenytoin na farfaɗiya, lithium da yawan allurar bitamin B12 duk suna tayar da ƙuraje. Na tarin fuka da na farfaɗiya ba a daina su saboda fuska, faɗa wa likita kawai ake yi.

Isotretinoin yana tsuke jakar maiƙo ne da kanta. Da nauyin jiki ake lissafa shi: rabin miligiram zuwa ɗaya ga kowane kilo a rana, har jimilla ta kai 120 zuwa 150 ga kowane kilo. Mai kilo 60 zai fara da kamar miligiram 30 a rana, ya kammala in ya tara 7,200 zuwa 9,000, abin da kan ɗauki wata biyar zuwa takwas ko fiye. Mai irin naka masu tsanani akan fara masa da ƙasa da haka, saboda a watan farko suna iya yin bore. Ana sha da abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Za a auna hanta da kitsen jini kafin a fara da kuma bayan wata ɗaya ko biyu. Leɓe zai bushe ya tsage, ka riƙe basilin a aljihu, cikin hanci ma ka ɗan shafa don haɓo, musamman da hunturu. Ba a haɗa shi da doxycycline ko tetracycline, haɗin yana iya ɗaga matsin ruwan ƙwaƙwalwa, ba a kuma ƙara bitamin A a kai. In ka ji ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko baƙin ciki ya lulluɓe ka ba dalili, ka tsaya ka koma wurin likita a ranar.

Babban hatsarinsa ga ɗan tayi ne, yana nakasa ƙwaƙwalwa da zuciya da fuska. Mace ba ta fara shi sai da gwajin ciki da tabbatacciyar hanyar tazara, tun wata guda kafin farawa har wata guda bayan gamawa. Kai namiji, ka ɓoye shi inda maiɗakinka ko ƙanwarka ba za ta ɗauka ta gwada ba, kuma kada ka ba da gudummawar jini kana sha, sai ka yi wata guda da dainawa.